Dolly Parton: Mawaƙiyar da ta ƙi sayar da gonarta



Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 a garuruwanmu, da wuya a ce kunnensa bai taɓa cin karo da waƙar karkarar Amurka ba, wadda ake kira kantiri. Ka shiga shagon tela, ko ka samu gidan gaba a motar haya, sai ka ji kaset ɗin Don Williams ko Jim Reeves ko Kenny Rogers yana juyawa, jita tana tafiya sannu kamar raƙumin da ya sha kaya. Ba mamaki kiɗan ya kwanta mana a kunne, domin banjo, ɗaya daga cikin kayan kaɗa shi, masana sun bi sawunsa har Afirka ta Yamma, kuma ɗan'uwan gurmi da molo ne. To a tsakiyar muryoyin mazan nan akwai wata siririyar murya ta mace. Da yawanmu ba ma jin abin da take faɗa, amma sunan ya zauna: Dolly Parton. Kanta za mu yi magana a yau, kuma maganar dukiyarta ce ta kawo mu.

A shekarar 2021 mujallar Forbes ta yi kiyasin cewa matar nan ta mallaki kimanin dala miliyan 350, daga baya ta ɗaga lissafin zuwa wajen miliyan 450. Shafukan intanet masu ƙirga kuɗin mutane kamar su suka tara musu sukan kai shi sama da haka nesa. Ni dai adadin bai dame ni ba, domin kiyasi ne, ba wanda ya leƙa asusunta. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda mujallar ta rarraba shi. Wajen miliyan 150 darajar waƙoƙin da ta rubuta ne, waɗanda haƙƙinsu ke hannunta. Wajen miliyan 165 kuma kasonta ne a wani filin shaƙatawa da ke yankinsu. Ka duba da kyau, mai sauraro. Mafi yawan dukiyar mawaƙiyar da ta shekara sittin tana hawa dandamali, kadara ce da ke haihuwa ko ta buɗe baki ko ba ta buɗe ba.

Don a gane yadda aka yi haka, sai an koma gidan ubanta.

An haife ta ranar 19 ga Janairu, 1946, a wata bukkar katako mai ɗaki ɗaya a gundumar Sevier, cikin duwatsun gabashin jihar Tennessee. Ita ce ta huɗu a cikin 'ya'ya goma sha biyu. Da likita ya karɓi haihuwarta, babu ko sisi a gidan, sai buhun garin masara aka ba shi ladansa. Uban, Robert Lee Parton, bai iya karatu ba, bai iya rubutu ba. A gonar mutane yake noma, in an yi girbi mai gona ya ɗebi nasa, abin da ya saura shi ne na iyali. Sai daga baya, da lebura a wurin gini da tsimi da tanadi, ya samu ɗan filin kansa yana noman taba. Yarinyar da ta tashi a irin wannan gida ba ta buƙatar malami ya karanta mata bambancin mai gona da mai yi wa gona wahala. Ta gani a tukunyar uwarta. Ita kanta ta sha faɗa cewa waƙa a wajen dangin uwa ta gada, dabarar kasuwa kuma a wajen uban da bai iya sa hannu a takarda ba.

Tana da shekara goma ta fara waƙa a rediyo da talabijin a birnin Knoxville. Tana da goma sha uku ta tsaya a Grand Ole Opry, shirin rediyon nan na Nashville da aka fara tun 1925, wanda ya zama fadar masu wannan kiɗa, kuma Johnny Cash ne ya gabatar da ita. A 1964 ta gama sakandare, kashegari ta hau mota sai Nashville. A ranar da ta sauka ta haɗu da wani saurayi mai suna Carl Dean a bakin shagon wankin kaya. Suka yi aure a 1966. Shi sana'arsa shimfiɗa kwalta, kuma ya kusa shekara sittin yana auren ɗaya daga cikin matan da aka fi ɗauka hoto a duniya ba tare da mutane sun san fuskarsa sosai ba, har ya rasu a watan Maris na 2025. Wannan labari ne mai zaman kansa, mu bar shi.

Abin da ya shafe mu shi ne abin da ta yi tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai. Ita da kawunta Bill Owens, wanda suke rubuta waƙa tare, suka buɗe ɗan kamfaninsu na riƙe haƙƙin waƙoƙi, suka haɗa guntayen sunayensu suka kira shi Owe-Par. A lokacin ba ta da suna, ba ta da kuɗi, kuma ƙa'idar kasuwar Nashville ita ce matashi ya kawo waƙa, babban kamfani ya riƙe.

A nan sai na ɗan tsaya na yi bayani, domin nan ne gizo ke saƙar. A dokar ƙasashen nan, kowace waƙa da ka ji a faifai dukiya biyu ce. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da karin da aka ɗora su a kai. Akwai kuma naɗin da aka yi a situdiyo, wanda galibi kamfanin faifai ne ke da shi. Ta farkon ita ce gona. Na biyun amfanin damina ɗaya ne. Duk mawaƙin da ya ɗauki waƙar wani ya rera, ya shiga gonar mutum ne, dole ya ba da galla. Duk faifan da aka sayar akwai 'yan santocin mai waƙa a ciki. Duk gidan rediyon da ya sa ta, duk fim ko talla da ya ɗauke ta, akwai abin da zai biya, kuma akwai ƙungiyoyi irin su BMI da ASCAP waɗanda aikinsu ke nan, su bi su tattaro su raba. Wani abin mamaki ma, gidajen rediyon Amurka na gargajiya marubucin waƙa da mai riƙe haƙƙinta suke biya, wanda ya rera kuwa ba su ba shi komai. Muryarka ce ke tashi, aljihun wani ke cika.

A 1967 Porter Wagoner, wani babban mawaƙi mai shirin talabijin da ake kallo a faɗin ƙasar, ya ɗauke ta ta zama abokiyar waƙarsa. A nan ta yi suna. A nan ta fitar da "Coat of Many Colors" a 1971, labarin rigar da uwarta ta ɗinka mata da tsummokara, yara suka yi ta yi mata dariya a makaranta. A nan ta fitar da "Jolene" a 1973. Amma zaman ya yi tsami. Shi yana ganin shi ya yi ta, ita tana ganin ta girmi inuwar da aka ajiye ta. Ta yi niyyar shekara biyar, ta yi bakwai. Da magana ta ƙi ci, sai ta koma gida ta rubuta masa waƙar ban kwana, ta je ofishinsa ta rera masa. Sunan waƙar "I Will Always Love You". Miliyoyin mutane na sa ta a bikin aure suna zaton waƙar masoya ce, alhali takardar ajiye aiki ce. Ta fito a 1974, ta hau kan jadawalin waƙoƙin kantiri. Rabuwar dai ba ta ƙare da daɗi ba: a 1979 Wagoner ya maka ta kotu yana neman dala miliyan uku, aka sasanta a waje, rahotanni suka ce ta biya wajen miliyan ɗaya. Duk da haka, lokacin da yake jinyar ajali a 2007, tana cikin waɗanda suka je bakin gadonsa.

Yanzu ga inda nake so mai sauraro ya ƙara murya. Ba a daɗe da fitowar waƙar ba sai saƙo ya iso cewa Elvis Presley yana so ya rera ta. Elvis fa, wanda Amurkawa ke kira sarki. Ga 'yar ƙauyen da aka biya kuɗin haihuwarta da garin masara, wannan ya fi kujerar Makka ga mai talla. Ta gaya wa kowa. Ana dab da shiga situdiyo sai manajansa, Kanar Tom Parker, ya kira ta ya ce ai ta san al'adarsu: Elvis ba ya rera waƙar kowa sai an sa hannu an ba su rabin haƙƙinta. Ba a mugun sarki, sai mugun bafade. Kuma ka sani, doka ba ta ce haka ba. A Amurka, da zarar waƙa ta fito kasuwa, kowa na iya rera ta in zai biya kuɗin da aka ƙayyade. Ƙarfi ne kawai Parker ke gwadawa, kuma marubuta da yawa sun miƙa wuya, domin rabin abin da Elvis zai kawo ya fi dukan abin da za su samu su kaɗai.

Ta ce a'a. Ta faɗa daga baya cewa kwana ta yi tana kuka, kuma mutanen da ke kusa da ita sun ɗauka ta zautu. Elvis bai rera waƙar ba har ya mutu a 1977.

Kada mu yi saurin cewa ta hango abin da ke tafe. Ba ta hango komai ba. Shekara goma sha takwas aka yi kafin sakamako ya bayyana, kuma da ana iya yin shekara hamsin bai zo ba. Da haka ta faru, da yau ana ba da labarin a matsayin wautar yarinya mai taurin kai. Abin da ta riƙe kawai shi ne abin da ta tashi da shi: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A 1992 aka yi fim ɗin The Bodyguard. Ana neman waƙar da za ta rufe shi, jarumin fim ɗin Kevin Costner ya kawo shawarar wannan. Mawaƙiya Whitney Houston ta ɗauka ta ɗaga ta zuwa inda ba wanda ya zata. Dolly ta ce a rediyon mota ta fara ji, saura kaɗan ta saki hanya. Waƙar ta yi mako goma sha huɗu a saman jadawalin Amurka baki ɗaya, faifan fim ɗin ya sayu fiye da kwafi miliyan arba'in a duniya. A lokacin, abin da dokar Amurka ta yanka wa mai waƙa a kowane kwafi bai wuce santi shida da ɗoriya ba. Ƙanƙanin abu ne, amma ka ninka shi da miliyoyi, ka ɗora kuɗin rediyo na ƙasashe, ka tuna kuma ba wani Kanar da za a raba da shi. An kiyasta ta samu wajen dala miliyan goma daga wannan naɗi kaɗai a shekarun 1990. Ta ce da wani ɓangare na kuɗin ta sayi rukunin ofisoshi a wata unguwar baƙaƙen fata a Nashville, don tunawa da wadda ta jawo mata su. Kuma gonar ba ta daina bayarwa ba: ko a 2024 Beyoncé ta sake rera "Jolene".

Ka ajiye wannan kusa da labarin Solomon Linda na Afirka ta Kudu. A 1939 ya naɗi waƙarsa "Mbube", daga baya ya sallama haƙƙinta ga kamfanin faifai a kan sulai goma. Waƙar ta tsallaka teku, ta rikiɗa ta zama "The Lion Sleeps Tonight", har ta shiga fim ɗin Disney. Shi kuwa ya mutu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 'ya'yansa suka samu sasanci bayan shari'a. Ba baiwa Dolly ta fi shi ba. Ita an bar mata damar ta ce a'a kuma ta san abin da take ƙi, shi baƙar fata ne a ƙarƙashin mulkin da bai ɗauke shi mutum ba.

Sauran tarihin aikinta sananne ne, ba sai mun ja ba. Ta tsallaka daga kantiri zuwa kiɗan birni da "Here You Come Again" a 1977, 'yan gargajiya suka ce ta gudu ta bar gida. Ta shiga fim a 1980 tare da Jane Fonda da Lily Tomlin a 9 to 5, ta kuma rubuta waƙar fim ɗin, wadda ta ce ta samo kiɗanta ne daga goga farcen robanta da juna, yana ƙara kamar tafireta. A 1983 ita da Kenny Rogers suka yi "Islands in the Stream". Ta ce ta rubuta waƙoƙi fiye da dubu uku, an kuma sayar da faifanta sama da miliyan ɗari.

Shigarta dai, mu faɗi gaskiya, ba irin tamu ba ce, kuma ba ita na zo tallatawa ba. Gashin kanti tuli guda, kwalliya kamar za a gasar fenti, tufafi masu walƙiya. Ita da bakinta takan yi wa kanta ba'a, ta ce kuɗi masu yawa take kashewa kafin ta fito kamar kayan arha. Amma akwai hikimar kasuwa a ciki. Manyan 'yan kasuwar Nashville da na Hollywood sun daɗe suna zama da ita a teburi suna kallon gashin, suna zaton ba komai a ƙarƙashinsa, sai an tashi su tarar ita ta fi su karanta yarjejeniyar.

A 1986 ta sa jari a wani filin wasanni da ke Pigeon Forge, ba nisa da inda aka haife ta, ta haɗa gwiwa da iyalin Herschend masu wurin, aka sake masa suna Dollywood. Mashawarta sun yi ta jan kunne. A yau mutum wajen miliyan uku ke shiga a shekara, kuma babu mai ɗaukar ma'aikata a gundumar kamarsa. Ita kuwa, in ji ta, ba ta hawa lilon da ke ciki, jiri take ji. Sai dai kada a mayar da wurin gidan sadaka. Kasuwanci ne, tikiti ake saya da tsada, kuma aikin irin wannan fili da yawansa na kaka ne, in baƙi sun ragu ya ragu. Haka kuma gidan cin abinci da wasan dawakinta ya shekara talatin yana ɗauke da sunan Dixie, kalmar da ke tuna wa baƙaƙen Amurka zamanin bauta, sai a 2018 aka cire. Siyasa kuwa ta ƙi bari a ji ɓangarenta. Masoyanta na cewa dattako ne. Ni ina ganin akwai lissafin mai shago a ciki, wanda ba ya so ya kori rabin masu ciniki. Duka biyun na iya zama gaskiya.

Inda ba na jayayya shi ne abin da ta yi da kuɗin. A farkon shekarun 1990 ta tara 'yan ƙaramar sakandaren gundumarsu ta ce kowa ya zaɓi aboki, in su biyun suka kammala makaranta kowanne zai karɓi dala 500. Masu barin karatu a waɗannan azuzuwa suka sauko daga wajen kashi 35 cikin ɗari zuwa kashi 6. Dubi dabarar: ta mayar da kowane yaro mai gadin ɗan'uwansa. A 2016 gobarar daji ta cinye gidaje a yankin Gatlinburg, mutum goma sha huɗu suka mutu, gidauniyarta ta riƙa bai wa iyalai wajen ɗari tara dala dubu ɗaya kowane wata, a watan ƙarshe aka ba su dubu biyar-biyar, ba tare da an tsaya musu a kai kan yadda za su kashe ba. A 2020 ta bai wa asibitin jami'ar Vanderbilt dala miliyan ɗaya don binciken korona, kuma kuɗin sun taimaka a aikin da ya kai ga allurar Moderna. Da 'yan majalisar jiharsu suka kawo ƙudurin kafa mata mutum-mutumi a 2021, ta roƙe su su janye, ta ce ba lokacinsa ba ne.

Mafi girma a cikinsu shi ne shirin littattafai da ta fara a 1995, mai suna Imagination Library. Duk yaron da aka yi wa rajista, za a riƙa aiko masa da littafi ɗaya kowane wata ta gidan waya, da sunansa a jiki, tun daga haihuwa har ya cika shekara biyar, ba a tambayar ko ubansa mai kuɗi ne ko talaka. Daga gunduma ɗaya ya bazu Amurka, ya shiga Kanada da Birtaniya da Ostareliya da Ayilan. A 2018 aka kai littafi na miliyan ɗari, a 2023 aka wuce miliyan ɗari biyu. Ba daga aljihunta kaɗai kuɗin ke fita ba, ƙungiyoyi da gwamnatocin jihohi ne ke biyan kuɗin littafi da na aikawa a yankunansu, gidauniyarta na riƙe da tsarin. Wannan ma aikin 'yar kasuwa ne, shi ya sa bai mutu ba. Matar da Allah bai ba ta haihuwa ba, ta yi shi ne saboda ubanta, kuma ya ga farkonsa kafin ya rasu a shekarar 2000.

Mu a nan, arzikin mawaƙi tun zamanin kaka a hannun wanda aka yi wa waƙa yake: doki, riga, mota, kujerar hajji, liƙi a filin biki. Hanya ce mai daraja, ta riƙe gidaje da yawa, amma tana tsayawa ranar da murya ta tsaya. Har gobe ana sa waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos a rediyo da wayoyi da intanet, kuma ya kamata mu riƙa tambayar kanmu, mu ma'aikatan rediyo kafin kowa, ina gallar take zuwa. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka, an sa mata hannu a 2023, amma doka ba ta bin mutum gida.

Saboda haka ɗan'uwa mai rubuta waƙa, ko ke ƙanwata mai shiga situdiyo a Kano ko Kaduna ko Jos ko Damagaram, in furodusa ya ƙirgo kuɗi ya miƙo, kafin a karɓa a tambaye shi: wannan na naɗin yau ne, ko na waƙar ce ɗungurungum? A rubuta amsar a takarda, a kai wa wanda ya san doka ya karanta, a sa shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa.